Sikeli, Dillali da Takardar Kuɗi: Nazarin Jagorancin Wata Mata a Sashen Sayen Kaya na Wani Kamfanin Shinkafa a Gombe

A makon farko na watan Fabrairun 2023, wani kamfanin sarrafa shinkafa da ke wajen garin Gombe ya wayi gari da kuɗi jibge a asusunsa na banki, amma shansherar (wato shinkafar da ba a sarrafa ba) da ta rage masa a sito ba za ta kai injin ƙarshen wata ba. Manoma da 'yan kasuwar da ya saba saya a hannunsu suna da kaya, sai dai babu abin da suke so illa takardar kuɗi a hannu, ita kuwa takardar ta yi ɓatan dabo a duk faɗin ƙasar. Nauyin cike wannan sito yana wuyan wata mata ce, shugabar sashen sayen kaya da jigilarsu, kuma a kanta wannan nazari ya tsaya. Ba za a ambaci sunanta ko na kamfanin ba. Hajiya za a riƙa ce mata, kamar yadda 'yan dako da direbobi suke kiranta.

Daga sito ta taso

An haifi Hajiya a Gombe tun garin yana cikin tsohuwar Jihar Bauchi, kafin a ba shi jiharsa a ranar 1 ga Oktoban 1996. Ta karanta harkokin kasuwanci a kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da ke Bauchi, sannan ta samu aiki a sito na wata ma'aikatar gwamnatin tarayya, inda aikinta bai wuce rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita ba. Aiki ne da ake rainawa, amma wanda ya zauna a bakin sito yana ganin abin da babban jami'i ba ya gani: ya san kayan da aka biya kuɗinsu ba su zo ba, ya san waɗanda suka zo rabi aka rubuta cikakke, ya kuma san waɗanda aka sayo ba don ana bukatarsu ba.

Tana cikin wannan aiki aka kafa Dokar Sayen Kayan Gwamnati ta 2007, wadda Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya sanya wa hannu a watan Yunin shekarar, ta kuma haifar da hukumar BPP mai sa ido a kan kwangilolin tarayya. Dokar ta gaji ofishin bin ƙa'ida na zamanin Obasanjo, wanda Oby Ezekwesili ta jagoranta har aka yi mata laƙabi da shi. A lokacin, dokar ta tanadi cewa babbar kwangila sai an tallata ta a jaridun ƙasa aƙalla biyu, a ba masu nema makonni shida, a buɗe takardunsu a bainar jama'a, kuma kuɗin somin aikin da za a ba ɗan kwangila kada su wuce kashi 15 cikin 100. Ta kuma haramta yanyanka kwangila ɗaya zuwa ƙanana don a kauce wa amincewar na sama. Da ma'aikatun suka fara neman waɗanda za su riƙe sabon sashen sayen kaya, manya da yawa suka noƙe, saboda aikin duk takardu ne da tsawon bincike, sai aka tura Hajiya. Ta zauna jarrabawar cibiyar ƙwararrun masu saye da samar da kaya ta Najeriya, CIPSMN, ta samu shaidarta tana goyon ɗanta na uku.

Abin da ta ɗauka daga shekarun gwamnati ba yawan takardu ba ne, domin ta ga yadda ake cika takarda tsaf alhali an yi cuta a ƙarƙashinta. Ta sha ganin farashi uku daga kamfanoni uku waɗanda duk aljihu ɗaya suke komawa. Abin da ta riƙe shi ne ƙa'ida ɗaya: wanda ya yi odar kaya, da wanda ya karɓe su, da wanda ya biya kuɗinsu, kada su zama mutum ɗaya, kuma kada ɗayansu ya zama yaron ɗayan.

Abin da ta tarar a kamfanin

A watan Agustan 2019 gwamnatin tarayya ta rufe iyakokin ƙasa na tudu, ba a sake buɗe su ba sai a watan Disambar 2020. Da ma tun 2015 Babban Bankin Najeriya ya saka shinkafa cikin kayayyaki 41 da ya hana wa masu shigo da su kuɗin waje a farashin hukuma, ya kuma ƙaddamar da shirin lamunin manoma a Kebbi a watan Nuwamban shekarar. Waɗannan matakai sun sa injinan shinkafa suka yi ta tsirowa a Arewa, kowa kuma yana farautar shanshera ɗaya. A cikin wannan yanayi ne mai kamfanin da ake magana a kansa, wani attajiri da ya fara da fataucin hatsi a kasuwar Tudun Hatsi, ya nemi Hajiya, bayan akantansa ya kasa yi masa bayanin dalilin da ya sa shinkafar da ke fitowa daga inji ba ta kai lissafin shansherar da ake cewa ta shiga ba.

Ba ta daɗe ba ta gano inda ɗakin yake yoyo. Mutum ɗaya ne, ɗan'uwan mai gidan, yake zuwa kasuwa ya saya, ya dawo ya karɓa, ya kuma sa hannu a biya. Da buhu ake saye, ba da nauyi ba, alhali buhu bai zama lallai ya kai kilo 100 da ake kiransa da shi ba. Farashi kuma da daddare ake yanke shi, bayan sallar isha, a majalisar da manyan dillalai suke zama, kafin gari ya waye magana ta riga ta ƙare.

Babbar ɓarnar tana cikin danshi, kuma ya kamata a tsaya a kanta, domin nan ne wanda bai san sana'ar ba yake faɗawa. Shansherar da za a adana lafiya ana so danshinta ya sauka zuwa kashi 14 cikin 100. Idan aka sayi kilo 100 mai danshi kashi 20, to bayan ta bushe ta sauka zuwa 14, abin da zai rage kilo 93 ne da ɗigo. Ke nan a tirela ɗaya mai tan 30, kamfani ya biya kuɗin sama da tan 2 na ruwa zalla, ya kuma biya kuɗin motar da ta ɗauko ruwan. Wannan ban da tsakuwa da ƙasa da ƙaiƙayi da mai algus yake cusawa a tsakiyar buhu, ban da kuma asarar da ke biyo baya idan aka jibge ɗanyar shanshera ta yi zafi ta canza launi. Tun da kuɗin shanshera su ne kaso mafi tsoka a duk abin da injin shinkafa yake kashewa, ɗan kuskure a bakin sikeli yana iya cinye ribar wata guda.

Gyaran da ta yi bai da wani abin al'ajabi a ido. Ta sa aka sayi na'urar auna danshi, aka gyara babban sikelin da mota take hawa, aka kuma ɗora shi a hannun ma'aikacin da ba ya ƙarƙashin masu saye. Kowace mota sai an soki buhuna daga sama da tsakiya da ƙasa kafin a sauke. Ba a biyan kowa sai takardu uku sun yi daidai: takardar oda, takardar sikeli, da takardar karɓar kaya a sito. A ɓangaren jigila kuma, musamman bayan farashin man dizal ya yi tashin gwauron zabi a 2022, ta tsara cewa motar da ta kai shinkafa Yola ko Jalingo kada ta dawo wayam, sai ta biyo ta Mutum Biyu ko Numan ta ɗauko shanshera.

Maganar majalisar dare ita ce ta fi bayyana yadda kasancewarta mace ya shafi aikin. Babu yadda za a yi matar aure ta je ta zauna a tabarmar maza da ƙarfe goman dare tana cinikin shanshera, kuma masu adawa da naɗinta wannan hujja suka riƙe, suna cewa harkar hatsi a tabarma ake yin ta, ba a ofis ba. Hajiya ba ta yi yunƙurin shiga majalisar ba, ba ta kuma wakilta wani ya je a madadinta ba. Sai ta ɗauko cinikin daga dare ta kawo shi rana. Kowace safiya ana rubuta farashin kilo a allo a bakin ƙofar kamfanin, tare da abin da za a rage idan danshi ya haura, kuma farashin ɗaya ne ga mai buhu biyar da mai tirela biyar. A ganina wannan ne mafi muhimmancin abin da ta yi, kuma da wuya namiji a kujerarta ya yi shi, ba don ya fi ta rashin gaskiya ba, sai don shi ƙofar majalisa a buɗe take gare shi, ba abin da zai tilasta masa neman wata hanya.

An yi mata tirjiya. Ɗan'uwan mai gidan ya daina amsa gaisuwarta, wasu direbobi suka riƙa isowa da tsakar dare don a sauke kaya babu gwaji, aka kuma riƙa aiko mata da turamen atamfa ta hannun mata 'yan'uwanta, tana mayarwa. Abin da ya kare ta shi ne lissafi, domin bayan kaka ɗaya abin da inji yake fitarwa daga kowane tan ya tashi a fili, mai gida kuwa ɗan kasuwa ne, ya san abin da idonsa ya gani.

Sai dai ta yi kuskure ɗaya, wanda ita kanta ba ta ɗauke shi kuskure ba a lokacin. Ta ɗauka cewa dillali ba komai ba ne illa la'adar da ake ɗorawa a kan farashi, don haka ta yi iya ƙoƙarinta ta tsallake su, ta ƙulla hulɗa kai tsaye da ƙungiyoyin manoman Dadin Kowa da Hinna, masu noma a ƙarƙashin madatsar ruwan da ke kan kogin Gongola, da na yankin Balanga. Ta sa aka buɗe wa shugabannin ƙungiyoyin asusun banki, ta kafa dokar cewa kamfani ba ya biya da kuɗin hannu. Ta fuskar bincike wannan tsari ne mai tsabta, kowace naira tana da sawu. Amma wani dattijon dillali da ya yi shekaru yana tara wa mai gidan kaya tun zamanin Tudun Hatsi, shi aka fi yi wa rauni, ya koma gefe bai ce uffan ba.

Watan da takarda ta ɓace

A watan Oktoban 2022 Babban Banki ya sanar da sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000. Sabbin suka fara fita a ranar 15 ga Disamba, aka sa 31 ga Janairun 2023 a matsayin ranar daina karɓar tsofaffin, daga baya aka ɗaga zuwa 10 ga Fabrairu. Tun daga 9 ga Janairu kuma an ƙayyade abin da mutum zai cira a mako zuwa naira 500,000, kamfani kuma naira miliyan 5, amma ko wannan ɗin a takarda ya tsaya, domin bankuna ba su da abin bayarwa. Jama'a sun mayar da tsofaffin kuɗi, sabbin ba su wadata ba. Masu POS suka tsawwala caji, tura kuɗi ta waya kuma ya riƙa maƙalewa saboda cunkoso.

Lokacin ya zo wa manoman rani a mafi munin gaɓa. Watannin Janairu da Fabrairu lokacin dashe ne da zuba takin farko, kuma 'yan ƙwadagon da suke dashe ba su san wani abu wai shi asusu ba, da yamma suke karɓar haƙƙinsu a hannu. Manomin da ya ajiye shansherar damina don ya sayar a irin wannan lokaci ya yi hidimar rani, sai ya ga kuɗin da aka tura masa sun zama lamba a waya, ba sa biyan mai dashe, ba sa sayen man injin ban ruwa a ƙauye. Nan take kasuwa ta rabu gida biyu: farashin kuɗi a hannu, wanda ya faɗi warwas, da farashin tura kuɗi, wanda ba mai so. Tsarin Hajiya, wanda ya ginu kacokan a kan banki, ya tsaya cak.

Shawara biyu aka kawo gaban mai gida. Ta farko daga ɗan'uwansa ta fito: kamfanin yana da shagon sayar da shinkafa a cikin gari inda ɗan kuɗin hannu yake shigowa, a tattara su a shiga ƙauyuka a kwashi kaya a farashin da ya faɗi, a jingine sikeli da takardu har ƙura ta lafa. Ta fuskar ribar makon, babu mai cewa shawarar ba ta da ma'ana, kuma wasu masu saye haka suka yi. Hajiya ta ƙi, da hujja biyu. Ta farko, kuɗin shagon ba za su cika ko kwatan bukatar inji ba, kuma idan aka buɗe ƙofar saye babu gwaji, rufe ta zai fi buɗe ta wuya. Ta biyu, manoman da za a saya wa kaya a wulaƙance su ne dai za a koma wa a girbin rani, lokacin da injinan Kano da na sauran wurare za su sauko da motocinsu. Ta ce masa, cikin ladabin da ta saba, “Ranka ya daɗe, abin da za mu ci a wannan wata, a watan Mayu za mu biya shi.”

Shawararta ita ce a daina tunanin yadda za a kai wa manomi takardar kuɗi, a duba abin da yake so ya yi da ita. Taki da man fetur da maganin feshi duk ana iya biyan manyan dilolinsu na cikin Gombe ta banki, su ba manomi kaya a kan takardar shaida daga kamfani, a cire daga kuɗin shansherarsa a farashin allo. Ɗan kuɗin hannun da ke shigowa shago kuma a keɓe shi ga abu ɗaya tak, wato ladan 'yan dashe, a raba wa ƙungiyoyi gwargwadon kayan da suka kawo.

A nan ne tsarin ya ci karo da abin da ta yi watsi da shi. Dilolin taki ba su yarda su saki kaya a kan takardar kamfani zuwa ga manoman da ba su sani ba, manoman kuma ba su yarda su loda shanshera a mota a kan alkawarin taki ba. Ana bukatar wanda ɓangarorin biyu suka sani, wanda ya san gonar kowa da bashin kowa da wanda maganarsa take tsayawa. Wannan mutum shi ne dattijon dillalin da aka ajiye a gefe. Hajiya ta sa mijinta ya raka ta gidansa da rana tsaka, ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce, “Baba, na zo ne a kan abin da ka fi ni sani.” Bai tayar da tsohon zance ba. Ya ce mata ’yata, ya nemi a mayar masa da la'adarsa, ita kuma ta nemi la'adar ta zama rubutacciya, a kan kilo, kuma kayansa su hau sikeli kamar na kowa. A kan haka suka rabu. Shi ya tsaya wa manoma a wurin dilolin taki, shi ya tsaya wa kamfani a wurin manoma, har ya sa masu shagunan ƙauye da suke bin sa da mutunci suka riƙa ba 'yan ƙwadago hatsi da kayan miya a kan bashi.

Ba a fita ba tare da asara ba. Injin ya yi kwanaki a tsaye, wasu ƙungiyoyin suka sayar wa masu kuɗin hannu duk da faɗuwar farashin saboda bukatarsu ba ta jira, kuma kamfanin ya sayi abin da ya samu da tsada fiye da abokan hamayyarsa. A ranar 3 ga Maris Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da jihohin Kaduna da Kogi da Zamfara suka fara shigarwa, ta ce tsofaffin takardun su ci gaba da aiki har ƙarshen shekara, amma sai da aka ƙara kwanaki kafin kuɗi su dawo hannun jama'a. A lissafin wannan zango kaɗai, ɗan'uwan mai gida ne ya yi gaskiya, kuma bai ɓoye hakan ba.

Girbin rani ya zo daidai da cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, abin da ya ninka kuɗin ban ruwa da na ƙananan motocin da ke fito da kaya daga gona. Shanshera ta yi tsada, masu saye suka yi yawa. Akasarin ƙungiyoyin da aka tsaya wa a watan Fabrairu sun fara kawo kayansu ƙofar kamfanin kafin su saurari wani. Bai kamata a ɗora wannan duka a kan halacci ba, domin kusancin Dadin Kowa da Gombe ya ƙara daraja da man ya yi tsada, kuma dattijon yana da tasa riba a cikin juyo da kayan. Abin da za a iya cewa da tabbaci shi ne sito bai sake yin ƙasa ba a wannan kaka, kuma ba a sauke ko mota ɗaya ba tare da gwaji ba.

Idan aka auna shawarar da ta yanke, ƙarfinta yana wurin rarrabe abin da za a iya sassautawa da wanda ba za a taɓa ba. Dokar hana biya da kuɗin hannu tata ce, ita ta kafa ta, kuma ta karya ta da kanta da ta ga ta zama sarƙa. Dillalin da ta kora ta koma ta nemo shi. Amma sikeli da na'urar danshi da takardu uku ba ta bari an taɓa su ba ko na yini ɗaya. Rauninta kuma a fili yake: shekaru uku ta yi tana gina tsarin da ya dogara da hanyar biya guda ɗaya, a yankin da bankuna suka taru a cikin birni, kuma ta karanta aikin dillali daga littafin lissafi, inda la'adarsa kawai ake gani, ba a ganin lamunin da yake ɗauka a wuyansa. Horon da ta samu a gwamnati, inda ake kallon duk wani mai shiga tsakani da zargi, yana da hannu a wannan.

Bayan wannan shekara mai gidan ya ƙara mata kula da sito da motoci a kan sayen kaya, ta kuma fara zama a taron da ake yanke shawarar kuɗi, wanda a da sai dai a kira ta ta ba da bayani ta fita. Ɗan'uwan nasa yana nan, an mayar da shi ɓangaren sayarwa. Dillalai huɗu ne yanzu suke da rubutacciyar yarjejeniya da kamfanin, kuma an ware wani kaso na kuɗin saye da ake biya a hannu a bakin sikeli, a gaban akanta. Daga cikin matasa shida da take horarwa a sashen, biyu mata ne, ɗaya tana kan na'urar danshi, ɗayar kuma iyayenta ba su amince ta riƙa bin mota zuwa Taraba ba tukuna, don haka tana kan takardun oda.